Ranar da Najeriya ta sauya hannu a titi

'Yan uwana ɗalibai, musamman masu shirin tafiya karatu Indiya, Malesiya, Uganda, Ingila ko Cyprus, ga wani ɗan tarihi da nake ganin ya shafi rayukanku.

Da yawa a cikinmu ba mu san cewa a da ta hannun hagu motoci ke bi a ƙasar nan ba. Gadon Turawan mulkin mallaka ne, don a Ingila tun 1835 aka sa shi a doka. Sai ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Gowon, aka ce kowa ya koma dama. Dalilin a bayyane yake: Nijar, Chadi, Kamaru da Dahomey (Benin ta yau) duk dama suke bi, direban da ya ɗauko kaya daga Kano zuwa Maraɗi sai ya sauya hannu a kan iyaka. Saliyo ta riga mu da shekara ɗaya, Ghana ta biyo baya a 1974.

To mu da aka haifa bayan nan, wuyanmu ya riga ya saba. In za ka tsallaka titi, hagu kake fara dubawa ba tare da ka yi tunani ba, don ta nan motar da ta fi kusa da kai ke zuwa. Su kuwa ƙasashen da na lissafa ba su taɓa sauyawa ba. Can motar farko ta damanka za ta fito. Ka duba hagu, ka ga wayam, ka sa ƙafa. Wallahi abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, ya fi maganar tuƙi, don yawancinmu ba mota za mu saya ba, a ƙasa za mu riƙa zuwa lakca, ga waya a kunne. Shi ya sa a Landan har rubutu suke yi a kan kwalta a wuraren tsallakawa, wai ka duba dama.

Ƙofar bas ma ta hagu take, shataletale kuma a juye ake zagaya shi.

Masu zuwa Masar ko Sudan ba ruwanku da wannan, hannunmu ɗaya da su. Amma masu bi ta Istanbul zuwa Arewacin Cyprus ku lura: Turkiyya dama take bi, tsibirin kuwa hagu, don shi ma Ingila ta mulke shi har 1960. Jirgin bai kai awa biyu ba tsakaninsu.