Daga Harbi Zuwa Ƙidaya

A ƙarshen ƙarni na 19 akwai wata al'ada a sassan Amurka. Ranar Kirsimeti maza kan rabu gida biyu, kowa ya saɓi bindigarsa ya nausa daji, da yamma a zube abin da aka kaso, ɓangaren da tarinsa ya fi yawa shi ya ci gasa. Ba a zaɓe, tsuntsu ko zomo, duk abin da ya gifta ya shiga lissafi. Ana wannan ne a zamanin da tsuntsayen ƙasar ke ƙarewa a kan idon kowa, domin wata irin kurciyar daji da garkenta kan tare rana a da, ta ƙarshenta ta mutu a gidan zu na Cincinnati a 1914. A 1900 Frank Chapman, masanin tsuntsaye a gidan adana kayan tarihin halittu na New York kuma editan mujallar Bird-Lore, ya kawo shawarar a fita kamar yadda aka saba, amma a ƙirga maimakon a harbe. Mutum 27 suka amsa kira a wurare 25, daga Toronto ta Kanada har Kalifoniya, suka rubuta nau'in tsuntsu kusan 90. Tun daga nan ba a yi fashin ko shekara guda ba. Ƙungiyar Audubon ce ke riƙe da aikin, kuma dubban mutane ke fita tsakanin 14 ga Disamba da 5 ga Janairu.

Sau da yawa in ana yabon irin wannan aiki, yawan hannu ake ambata. Ni ina ganin darajarsa ta fi rataya ga daɗewa. Kuɗin bincike na jami'a kan ƙare cikin 'yan shekaru, ɗalibi ya gama digirinsa ya tafi, malami ya yi ritaya, alhali sauyin da ke samun halittu a hankali yake tafiya, sai an jera shekaru masu yawa kafin a gane inda ya dosa. Babu cibiyar da za ta iya biyan ma'aikata su tsaya a wurare dubbai, cikin sanyin hunturu, shekara sama da 120. 'Yan sa kai sun yi, don abin ya zame musu al'ada, uba ya fita da ɗansa, ɗan ya gaji wurin ƙidayar. Sakamakon ya fito fili a 2009, lokacin da masanan Audubon suka duba ƙidayar shekara 40 ta nau'i 305, suka tarar fiye da rabinsu sun matsa da mazauninsu na hunturu zuwa arewa yayin da sanyin Janairu ke raguwa. Chapman bai fita neman hujjar ɗumamar yanayi ba. Tambayar ma ba ta yi ƙarfi a zamaninsa ba. Rubutun da aka adana ne ya jira masu tambaya suka zo.

Mai suka zai ce idon ɗan koyo ba abin dogaro ba ne: zai rikita wannan tsuntsu da wancan, zai ƙirga garke ɗaya sau biyu, kuma shekarar da mutane suka fi fitowa dole a ga tsuntsaye sun fi yawa. Duk gaskiya ne, kuma masu aikin sun riga shi sani. Shi ya sa aka tsayar da da'ira mai faɗin mil 15 wadda ba ta motsi daga shekara zuwa shekara, aka ɗora mata shugaba mai tattara lissafi, ana haɗa sabon shiga da tsohon hannu, ana rubuta awannin da aka yi da nisan da aka taka don a raba yawan tsuntsu da yawan wahalar nema. Wanda ya ce ya ga baƙon tsuntsu sai ya kawo bayani ko hoto. Kuskuren mutum ɗaya yakan narke cikin dubban rahotanni matuƙar ba gefe guda ake ta kuskuren ba.

Sukan da ya fi nauyi shi ne na wuri. 'Yan sa kai suna ƙirgawa ne inda suke zaune, inda mota ke shiga, kuma galibinsu masu hali ne da ke da lokaci da tabarau mai hangen nesa. Don haka taswirar takan nuna mazaunin masu kallo kusan yadda take nuna mazaunin tsuntsu. Lissafi na iya rage wannan gibi, amma ba ya ƙirƙiro bayanin inda ba a taka ba. Maganinsa a ƙara masu fita ne daga wuraren da aka bari, kuma manhajar eBird da jami'ar Cornell ta buɗe tare da Audubon a 2002 ta sauƙaƙa hakan, tunda waya ta isa. A Najeriya ma, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015, inda aka yanka ƙasa murabba'i-murabba'i mai kusan kilomita 9 kowane gefe, 'yan sa kai na shiga suna rubuta abin da suka gani. Wannan aikin bai daɗe ba tukuna, kuma idan darajar irinsa a daɗewa take, to abin da za a sa wa ido shi ne ko za a samu masu komawa murabba'in da aka riga aka ziyarta bayan zumuɗin farko ya wuce.