Tarihin Koyar da Yara Siffofi da Hannu: Daga Unguwar Talakawa Aka Fara

Mu mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal mun saba ganin allunan makarantun yara da aka rubuta wa Montessori, har da yawanmu mun ɗauka alama ce ta makarantar masu hannu da shuni. Tunda da guminmu muke biyan kuɗin makaranta, ya kamata mu san asalin abin da ake sayar mana.

Labarin ya faro ne daga Jamus. Friedrich Froebel, wanda aka haifa a 1782, ya yi aiki a gidan adana duwatsun ma'adinai na jami'ar Berlin, inda ya yi ta nazarin yadda fuskokinsu da kusurwoyinsu suke a tsare. A 1837 ya buɗe wurin wasan yara a garin Bad Blankenburg, a 1840 kuma ya raɗa masa suna Kindergarten, wato lambun yara. Kayan koyarwarsa ya kira su kyaututtuka. Ta farko ƙwallaye shida ne na ulu masu launi daban-daban. Ta biyu katako uku ne: ƙwallo, da mai siffar gwangwanin madara, da mai fuska shida kamar dunƙulen magi. Yaro zai gano da kansa cewa ƙwallo yana gangarawa, dunƙule yana zama daram, mai siffar gwangwani kuwa yana yin duka biyun. Ta uku dunƙule ne da aka yanka gida takwas, yaro ya wargaza ya sake haɗawa. A 1851 gwamnatin Prussia ta haramta irin waɗannan makarantu, Froebel ya mutu a 1852, sai a 1860 aka ɗage haramcin.

A wannan zamanin dai, wani Bafaranshe mai suna Édouard Séguin yana koyar da yara masu jinkirin fahimta, waɗanda jama'a suka riga suka fitar da rai a kansu. Ya sassaƙa allon katako mai ramuka: da'ira, murabba'i, mai kusurwa uku. Kowane guntu raminsa kaɗai yake shiga. In yaro ya yi kuskure, katakon ne zai gaya masa, ba bulala ba.

Rubuce-rubucensa ne Mariya Montessori ta karanta. An haife ta a Italiya a 1870, ta kammala karatun likita a birnin Rum a 1896. Ta gwada irin waɗannan kaya da yara masu larurar ƙwaƙwalwa, har wasunsu suka ci jarrabawar gwamnati tare da masu lafiya. Ranar 6 ga Janairu 1907 ta buɗe ajinta na farko, Gidan Yara, a San Lorenzo, wata unguwar marasa galihu a Rum. Yaran kusan hamsin ne, 'ya'yan leburori da iyayensu ke fita nema tun safe su bar su suna gararamba.

Cikin kayan da tsarinta ya shahara da su akwai akwati mai durowa shida cike da siffofin katako, kowace da ɗan mariƙi. Yaro zai ɗaga da yatsu uku, yadda ake riƙe alƙalami, ya bi gefen siffar da yatsa, ya bi bakin ramin, sannan ya mayar. Wani lokaci a ɗaure masa ido ya gane siffar da taɓi kawai. Sai hannu ya san abu tukuna malama ta faɗi sunansa.

To ina tsadar ta fito? Sunan ya yi kasuwa, kuma ba mallakar kowa ba ne. A 1967 hukumar rajistar tambarin kasuwanci ta Amurka ta yanke cewa kalma ce ta gama-gari. A nan ma, rubutu a allo ba shaida ba ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Don haka kafin mu biya, mu nemi a shigar da mu aji. Kayan suna ƙasa inda hannun yaro zai kai, ko an kulle su a kabad don nuna wa baƙi? Yara suna taɓawa, ko haddar sunaye kawai suke yi da ƙarfi?

Wanda aljihunsa bai kai ba kuma kada ya karaya. Faifai da murfin tukunya da'ira ne, gwangwani da kwalin ashana suna nan, ga yashi a faranti don zane da yatsa. Kafinta zai iya yanka allon ramuka da ragowar katako. A zuba kaya a jaka, yaro ya sa hannu ya lalubo mai kusurwa huɗu ba tare da ya leƙa ba. Da 'ya'yan talakawa irin namu aka fara wannan ilimi, kada mu bari a ce ya fi ƙarfinmu. Allah Ya raya mana zuri'a.