Gatse Ne ko Zagi? Sunayen da Muke Kiran Magana da Su

Bahaushe bai yi wa magana rowar suna ba. Kafin ya ce an zage shi, akwai matakai da yawa da yakan bi: wannan zolaya ce, wannan gatse ne, wancan habaici, wancan kuma baƙar magana. Kowane suna da hukuncinsa. Zolaya dariya ake yi mata, habaici kau da kai ake yi, baƙar magana ce ke kai mutane gaban manya. Abin da ke damuna da hirar da muke yi yau a rubuce ta waya, tsakanin dangi da tsofaffin 'yan makaranta da mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba, shi ne yadda waɗannan sunaye suka ƙanƙance. Saura biyu ko uku: "ya zage ni", "ya ci mutuncina", "hassada ce". Wanda kuwa ya kira magana da sunan da ba nata ba, martanin da bai dace da ita ba zai mayar.

A duba yadda muke kiran mutumin da ba ya cikin walwala. Mukan ce ya ɗaure fuska, ya murtuke, ya haɗe rai, ya sha kunu, ya ci magani. Galibin waɗannan daga fuska aka ɗauko su. Mai shan kunu leɓɓansa ne suka turo gaba, mai cin magani kuwa fuskarsa ce ta yamutse saboda ɗaci. Ido ne alƙali, shi ya sa aka ce labarin zuciya a tambayi fuska. A waya babu fuskar, amma ba mu fasa yanke hukunci ba. Mai karatu ne ke ƙera wa mai rubutu fuska, kuma yawanci irin wadda ke ransa a lokacin yake manna masa.

Ɗauki kalmar "to". Yaro ya rubuta wa kawunsa dogon bayani a kan sana'ar da yake son farawa, ya zauna jira, amsa ta zo: "To." A baki, "to" iri-iri ce. Akwai gajeriya ta amincewa, akwai wadda ake ja ta mamaki, akwai ta "na ji amma ban gamsu ba", akwai ta gargaɗi da uwa ke yi kafin ta miƙe. A rubuce duk haruffa biyu ne. Yaron zai kwana yana cewa Kawu ya sha masa kunu, alhali Kawu yana bakin shago ne, ga mai saye a tsaye, ga yatsa bai saba da ƙananan haruffa ba. Haka ma gaisuwa. Mun taso ana tambayar gida da aiki da gajiya kafin a taɓo abin da ya kawo mutum. Saƙon da ya faɗo ba sallama sai ya zo wa mai karɓa kamar an banko masa ƙofa, ko da mai aikowa sauri kawai yake yi.

Sunayen hali ma akwai bambanci a tsakaninsu. Miskili ba ya son yawan magana, ba a gane gabansa da wuri, amma ba lallai ne yana riƙe da kowa ba. Mai mita yana nanata ƙorafi ɗaya har a gaji. Mai zafin rai yakan hau nan take ya sauka nan take. Masifaffe shi ke neman faɗan da kansa. Mai kawaici ya ji, ya gani, ya zaɓi yin shiru. A da, sai an zauna da mutum shekara da shekaru, an ga fushinsa da dariyarsa, kafin unguwa ta laƙaba masa ɗaya daga cikin waɗannan. Yanzu layi ɗaya ya isa a kira mai kawaici mai girman kai, a kira miskili maƙiyi.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne gatse, wato faɗin abu ana nufin akasinsa. Yaro ya fasa kwano, uwa ta ce, "Sannu, ka kyauta." Babu yaron da zai ɗauka yabo ne, domin muryar ta gama bayani. Cire muryar, gatse ya zama yabo, yabo na gaskiya kuma a ɗauke shi gatse. Wannan ba matsalar Hausa kaɗai ba ce. Ranar 19 ga Satumba, 1982, wani malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Scott Fahlman, ya ba da shawarar a riƙa haɗa alamomin rubutu uku su ba da siffar fuska mai murmushi, saboda abokan aikinsa suna ɗaukar raha a matsayin magana ta gaske a saƙonnin da suke aika wa juna. A 2005 kuma Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu suka wallafa bincike a kan saƙon imel. Sun gano masu aikawa suna da yaƙinin za a gane gatsensu, amma masu karɓa da kyar suka wuce canki-canka wajen bambance gatse da magana ta haƙiƙa. Dalilin da suka bayar shi ne mai rubutu yana jin muryarsa a cikin kansa, sai ya manta ba ta bi saƙon ba.

Mu namu ya ƙara da wani abu. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, rubutun boko na yau da kullum kuwa ba ya nuna ko ɗaya. Ga shi da yawa ba sa amfani da haruffa masu lanƙwasa a waya. Sai "baki" na magana da "baƙi" na launi da "baƙi" masu zuwa gida su fito da kama ɗaya, "ya ɓata" da "ya ba ta" su rikiɗe su zama abu guda.

Habaici da 'yan uwansa, gugar zana da shaguɓe, ba sa kama suna. Zambo yakan siffanta mutum har a gane shi, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa abokan hamayyar ubangidansu, habaici kuwa jifa ne a fakaice. A tsakar gida an san wa ake nufi, domin mutum huɗu ne ko biyar. Zauren WhatsApp ɗaya yana iya ɗaukar mutum fiye da 1,000. Wani ya rubuta, "Wasu dai ba su san alheri ba," yana nufin mutum guda, ko ma ba ya nufin kowa, sai mutum goma su tsargu, kowanne da tsohon mikinsa.

Barkwanci kuma yana da sharaɗi: sanin juna. Bakano ya ce wa Bazazzagi bawansa ne, Bafulatani ya tsokani Babarbare, jika ya ce kakarsa matarsa ce. Masu wasan sun san iyakarsa, kuma wasan ƙara danƙon zumunci yake yi. Amma da an ɗauki hoton maganar an tura wa wanda bai san alaƙar ba, sai ta tashi daga wasa ta koma cin zarafin ƙabila.

Ita kanta "rashin fahimta" muna yi mata amfanin da bai dace ba. Rashin fahimta shi ne maganar ba ta isa yadda aka nufa ba, maganinsa ƙarin bayani. Saɓani shi ne ta isa sarai, amma ba a yarda da ita ba. Mutum ya ce "ba ka fahimce ni ba" sau uku ga wanda ya fahimce shi tun farko, sai muhawara, wadda ake yi da hujja, ta gangara musu, musu ya zama gardama, gardama ta zama cacar baki. Gara a ce, "Na gane ka, ra'ayinmu ne ya bambanta." A nan ake tsayawa da mutunci.

Ban ce duk mai zafin harshe ba a fahimce shi ba ne. Akwai masu takalar faɗa da gangan. Akwai sojojin baka, sunan da ya yi tashe a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano kafin ya biyo mu waya, waɗanda aikinsu ke nan kare gwani da sukar abokin hamayyarsa. Su ma a kira su da sunansu. Kuskuren shi ne a ɗauki sunan da ya dace da su a liƙa wa ɗan'uwan da ya yi gyara cikin gaggawa, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Suratul Hujurat ta haɗa gargaɗi a kan yawan zato da gargaɗi a kan jifan juna da munanan laƙabi, kuma a hirar waya abubuwan biyu tare suke tafiya: zato ne ke haifar da laƙabin. Don haka nauyin yana kan ɓangare biyu. Mai rubutu ya yi sallama, ya faɗi abin da yake nufi, in wasa ne ya nuna wasa ne. Mai karatu kuma, kafin ya ce zagi ne, ya bi sauran sunayen ɗaya bayan ɗaya: ko gatse ne, ko zolaya, ko gajiya, ko sauri. In ya rasa wanda ya dace, ya tambaya: "Yaya, me kake nufi?" In maganar ta yi nauyi, ya ajiye rubutu ya buga waya ya ji murya.