Haɗa Layukan Raba Lantarki Ta Hanyar Wutar DC

Layukan raba wutar lantarki an tsara su ne tun asali domin wuta ta bi hanya ɗaya: daga babbar tasha zuwa gidaje da masana'antu. Makamashin hasken rana da na iska sun sauya wannan tsari. Da tsakar rana, yankin da ya cika da farantan sola kan samar da wutar da ta fi buƙatarsa, ƙarfin wuta ya haura ƙa'ida, alhali layin da ke maƙwabtaka da shi yana fama da nauyi.

Ba a cika haɗa irin waɗannan layuka kai tsaye ba, domin wutar AC, mai kai-da-komowa, tana bin hanyar da ta fi mata sauƙi ne, ba wadda injiniya ya so ba. Kuma idan matsala ta auku, wutar da ke kwararowa ta ɓangarorin biyu na iya fin ƙarfin na'urorin kariya. Wutar DC, mai tafiya a miƙe, tana kauce wa wannan: ana sanya na'urar sauya nau'in wuta a kowane ƙarshe, sai mai kula da layi ya ƙayyade yawan wutar da za ta wuce da kuma inda za ta nufa.

Fitaccen misali shi ne aikin Angle-DC na kamfanin SP Energy Networks a yankin Wales na Birtaniya, wanda hukumar kula da makamashi ta Ofgem ta amince da tallafa masa a shekarar 2015. An mayar da wani tsohon layin AC mai kilobolt 33, irin ƙarfin da aka saba gani a layukan Najeriya, zuwa DC mai kilobolt 27, tsakanin tsibirin Anglesey da birnin Bangor. An tsara shi ya ɗauki kusan megawat 30 ta tsofaffin wayoyin da ke wurin.

Wahalar tana wajen tsarawa. Na'urorin sauya wuta suna da tsada, suna kuma cin wani kaso na wutar da ke ratsa su. Don haka masu tsara aiki kan nazarci bayanan amfani da wuta na shekara guda, sa'a bayan sa'a, su gano layuka biyu da lokutan nauyinsu suka saɓa. Idan duka biyun suna cika a lokaci guda, haɗin ba zai biya kuɗinsa ba, gara a ƙara tiransfoma ko a girke batura.