Daga rarrafe zuwa tashi sama: yadda tsoka da jijiyar ƙwaro ke sauyawa

Tsutsa da malam-buɗe-littafin da ke fitowa daga gare ta halitta ɗaya ce, sai dai motsinsu ya sha bamban. Tsutsa na rarrafe ne ta hanyar matse gaɓoɓin jikinta ɗaya bayan ɗaya, daga baya zuwa gaba. Babban ƙwaro kuwa yana da ƙafafu shida da fukafukai. Tsokar da ta yi aikin farko ba ta iya na biyu, shi ya sa ake sake gina jikin.

Wannan gini yana faruwa ne a lokacin da tsutsar ta daina ci ta kwanta cikin kwanso, bisa umarnin wani sinadarin jiki mai suna ekdison. Yawancin tsokokin tsutsa suna mutuwa su narke, sannan sababbi su tsiro daga wasu ƙwayoyin halitta da ke ajiye a jikinta tun tana ƙarama.

Jijiyoyin da ke ba tsoka umarni kuwa da yawansu ba sa mutuwa. Suna janye tsoffin rassansu, su fitar da sababbi, su kama sabuwar tsoka. Masana biyu a Amurka, Richard Levine da James Truman, sun nuna haka a shekarar 1982 a jikin Manduca sexta, ƙwaron da tsutsarsa ke cin ganyen taba. A wannan ƙwaro akwai jijiyar da ake kira MN5: tana sarrafa tsokar rarrafe a jikin tsutsa, daga baya ta koma sarrafa tsokar fiffike. Jijiyoyin ƙananan ƙafafun cikin tsutsa kuma wasunsu mutuwa suke yi, tunda babban ƙwaro ba shi da waɗannan ƙafafu.

A wajen ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun ƴaƴan itace, Drosophila, tsokoki uku a kowane gefen ƙirjin tsutsa suna tsira su zama harsashin tsokokin tashi guda shida. Ƙudan yana kaɗa fiffike kusan sau 200 a daƙiƙa, alhali saƙon jijiya bai kai wannan yawan ba: miƙewar tsoka ɗaya ce ke sa ta sake matsewa da kanta.

Fara ba ta bin wannan hanya. Ɗanta yana ƙyanƙyashewa da siffar uwarsa, fukafukai da tsokarsu na girma sannu a hankali duk lokacin da ya yi saɓa.

Batun ya shafi manoma kai tsaye. Tsutsar nan mai cin masara, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, an fara ganinta a Afirka ta Yamma a farkon 2016. Tana tsutsa ba ta yin nisa da gonar da aka haife ta. Da zarar ta shiga ƙasa ta rikiɗe, tana iya tashi har kilomita 100 a dare guda ta zuba ƙwai a wata gona, ba ruwanta da iyakar ƙasa. Don haka malaman gona ke ba da shawarar a riƙa duba gona da wuri, a magance ta tun tana ƙarama a kan ganye.