Yan Chongnian da Tarihin Manchu

Yan Chongnian masanin tarihi ne ɗan ƙasar Sin, haifaffen Penglai ta lardin Shandong a shekarar 1934. Ya karanci tarihi a Jami'ar Horar da Malamai ta Beijing, daga nan ya duƙufa kan Manchu, mutanen arewa maso gabas da suka kafa daular Qing, wadda ta mulki Sin daga 1644 zuwa 1912.

Ƙwarewarsa ta fi ƙarfi a kan zamanin da Manchu ba su kai ga shiga Beijing ba. A 1983 ya fitar da tarihin rayuwar Nurhaci, basaraken da ya haɗa kan ƙabilun Jurchen, waɗanda daga baya aka kira Manchu, ya sa aka ƙago musu rubutu daga haruffan Mongol a 1599, ya tsara mayaƙa da iyalansu ƙarƙashin Tutoci Takwas, sannan ya kafa sarautarsa a 1616. Ya kuma rubuta tarihin Yuan Chonghuan, kwamandan daular Ming, mai mulkin Sin a lokacin, wanda ya fatattaki Nurhaci a Ningyuan a 1626, amma sarkinsa ya saka masa da kisa a 1630. Wanda ya karanci abokan gaban biyu haka, da wuya yaƙin ya ɓoye masa wani abu. A 1991 ya kafa cibiyar nazarin Manchu a Makarantar Kimiyyar Zamantakewa ta Beijing.

Sai da ya kai shekara 70 duniya ta san shi. A 2004 ya fara bayyana a shirin Baijia Jiangtan na tashar CCTV-10, yana bin sarakunan Qing goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, yana warware abin da aka rubuta da abin da baki kawai ya yaɗa. Jama'a suka yi tururuwar kallon shirin, littafin da ya fito daga laccocin ya samu kasuwa sosai.

Shuhurar ta jawo masa suka. Wasu sun zarge shi da yabon Qing fiye da kima, da sassauta harshe kan jinin da aka zubar lokacin da Manchu suka mamaye Sin, irin kisan Yangzhou na 1645 da dokar tilasta wa maza aske goshi su bar tukku. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa da hujja. Abin takaici, a Oktoban 2008 wani matashi ya zabga masa mari a Wuxi yana cikin sa hannu a littattafai, 'yan sanda suka tsare matashin kwana 15.

Dattijon bai ajiye alƙalami ba. A littafinsa Senlin Diguo na 2018 ya kafa hujja cewa Manchu 'ya'yan kurmi ne, mafarauta da masunta, al'adarsu daban da ta makiyayan Mongol da ta manoman Han.