Asalin Makwancin Manyan Faransa

A birnin Faris, bisa wani tudu kusa da jami'ar Sorbonne, akwai wani ƙaton gini mai ƙubba da ake kira Panthéon. Baƙo yakan ɗauka coci ne, kuma lalle da sunan coci aka fara shi.

A shekarar 1744 Sarki Luwis na 15 ya kwanta ciwo a garin Metz, har aka fid da rai. Sai ya yi bakance, in ya tashi zai gina wa waliyyiya Geneviève, wadda mutanen Faris ke ɗauka ita ce garkuwar birninsu, coci na gani na faɗa. Ya tashi kuwa. Amma baitulmali ba kuɗi, sai a 1764 ya aza tubali da hannunsa. Sarkin ya mutu, Soufflot da ya tsara ginin ya mutu, ba a gama ba sai 1790.

A lokacin talakawa sun riga sun yi wa sarauta bore. A 1791 majalisa ta ce ba coci ba, a nan za a riƙa binne manyan mutanen ƙasa. Aka toshe yawancin tagogin, shi ya sa cikin ginin yake da duhu-duhu har yau. Ɗan majalisa Mirabeau aka fara kaiwa. Da aka gano ashe ya yi ta wasiƙa da sarkin lokacin a ɓoye, sai aka fid da gawarsa a 1794. Voltaire kuwa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana caccakar limaman coci, shi ya samu wurin kwanciya a ginin waliyyiya, yana nan har gobe.

Napoliyon ya mayar wa limamai da ginin a 1806, aka yi ta karɓe-karɓe, sai jana'izar marubuci Victor Hugo a 1885 ta raba gardama, ginin ya tabbata makwancin manya.

Kaburburan suna ƙarƙashin ƙasa. In ka sauka, nemi na Félix Éboué, gwamnan Cadi da ya mara wa Janar de Gaulle baya a 1940, baƙar fata na farko da aka binne a wurin, a 1949. Mata kam an daɗe ana tauye su, don sai a 1995 aka kai Marie Curie, mace ta farko da aikinta ya shigar da ita. Yanzu shugaban ƙasa ne ke yanke wanda za a kai.